In Na'ura Ta Suma, Wa Ke Farfaɗo Da Ita?

Mai karatu, ka taɓa ganin fuskar kwamfuta ta yi baƙi na ɗan lokaci, sa'an nan ta dawo? Sau da yawa aikin direba ne, watau manhajar da ke tafinta tsakanin Windows da na'urar zana hoto. Tun daga Windows Vista ta 2007, in na'urar ta yi daƙiƙa 2 ba ta amsa ba, sai a umurci direba ya sake tayar da ita. Wajibi ne ya tsai da aikin da ke hannu, ya jira ta natsu, kana ya mayar mata da saitinta. In ya kasa kuwa, kwamfutar duka za ta tsaya cik, aikin da ba a adana ba ya salwanta.