Harbin faranti: wasan da ake ci da ido da natsuwa

A Faransa da Ingila akwai wani wasa da Faransawa ke kira "parcours de chasse", wato farauta ba tare da zubar da jinin tsuntsu ba. Inji ne ke cilla wani ɗan faranti mai faɗin milimetir 110, maharbi kuma ya tarwatsa shi da bindigar harbin tsuntsaye tun bai kai ƙasa ba. Ana ce da shi farantin yumɓu, ko da yake da kwalta da farar ƙasa aka saba yin sa. Wani ya tashi fir kamar fakara daga cikin ciyawa, wani ya gitta bisa kai kamar kurciya, wani kuwa ya gangaro a ƙasa yana tsalle, shi ne ake kira zomo. Bisa dokar FITASC, hukumar wasan mai cibiya a birnin Paris, zagaye guda faranti 25 ne, gasar duniya 200, kuma ba a ɗora bindiga a kafaɗa sai faranti ya bayyana.

To, masu karatu, manyan maharban nan kusan bindigoginsu iri ɗaya ne, harsashi ma doka ta ƙayyade shi, bai wuce garam 28 na darma ba. Sau da yawa faranti ɗaya tak cikin 200 ke raba zakara da mai bi masa. Ke nan bambancin yana cikin kan mutum.

Ga inda gizo ke saƙa. Darma tana barin bakin bindiga da gudun wajen metir 400 a sakan guda, amma duk da haka, in faranti yana gittawa a nisan metir 35, kafin ta cim masa ya matsa kusan metir biyu. Tilas maharbi ya harbi sarari, gaban farantin, inda babu kome. Zuciya kuwa ba ta son haka. Sai ido ya bar faranti ya komo bisa bakin bindiga don ya auna tazara, nan take hannu ya tsaya, harbi ya wuce ta baya. Mafi yawan kuskuren ƴan koyo ke nan. Shi ya sa malaman wasan ke nanata cewa a kafe ido a goshin faranti, a bar hannu ya bi ido, kamar yadda mutum ke nuna abu da yatsa ba ya duban yatsan. Wata malamar jami'ar Kalgari ta ƙasar Kanada, Joan Vickers, ta raɗa wa wannan kallo suna "ido mai natsuwa" a shekara ta 1996, binciken da aka yi daga baya kan maharban faranti kuma ya nuna gwanaye sun fi saurin kama shi da ido, sun fi daɗewa a kansa.

Kafin gwani ya yi kiran a saki faranti, ya riga ya zaɓi wuri uku: inda zai fara ganin sa sosai, inda bakin bindiga zai jira, da inda zai fasa shi. Ya gyara tsayuwa, ya ja numfashi, ya ga farantin ya fashe a ransa, sannan ya kira. Haka zai yi a faranti na 1, haka a na 200. A ganina amfanin wannan tsari shi ne ya cika zuciya da aiki, har tsoro ya rasa wurin zama.

Ba'amurke Lanny Bassham, ko da yake allo yake harbi da bindiga mai harsashi ɗaya, yana cikin malaman da ƴan wannan wasa ke yawan ambata. A wasannin Olimpik na Munik, a 1972, fargaba ta sa ya tsaya ga lambar azurfa. Ya bi waɗanda suka ci zinariya yana tambayar su abin da ke ransu lokacin gasa, a Montreyal kuma, a 1976, ya ɗauki zinariya. Darasinsa: tunani ya tsaya kan aikin da ke gaba, lissafin maki a bar wa alƙali.

Horon gida ba ya cin ko dala. Bayan an tabbata babu harsashi, sai a sa ƴar tocila a bakin bindiga, a riƙa ɗora ta a kafaɗa ana bin layin da bango ya haɗu da rufi, minti goma kullum. A fili kuwa, zaga dukan wuraren harbi ana ƙirga maki yana da daɗi, amma ba ya ƙara kome. Gara a tsaya kan farantin da ya gagara, a harbe shi sau ashirin, ana sauya abu ɗaya kurum kowane karo, a rubuta abin da ya yi daidai.

Hanyoyin cim ma faranti uku ne: a biyo shi daga baya a wuce shi, a hau kansa a janye gaba, ko a tsaya gabansa tun farko. George Digweed na Ingila, mai kambun duniya fiye da 20, da ta farkon aka san shi.