Kufan Alƙalawa: Ra'ayoyin Jama'a Game da Raya Shi

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. A wannan ɗan taƙaitaccen bayani za mu dubi kufan Alƙalawa, watau tsohon babban birnin Gobir da ke ƙasar Sabon Birni a gefen Gulbin Rima, mu kuma zayyana irin ra'ayoyin da akan ji a bakin jama'ar Sabon Birni da Isa duk sa'ad da aka ta da zancen gyara shi da gina masa gidan adana kayan tarihi.

Asalin Birnin

Sarkin Gobir Babari ne ya kafa Alƙalawa a tsakiyar ƙarni na 18, a cikin ƙasar Zamfarawa, kafin daga baya ya ci Birnin Zamfara da yaƙi. A nan Bawa Jan Gwarzo ya yi mulki, a zamaninsa kuma Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riƙa wa'azi a ƙasar Gobir. A shekarar 1808 rundunar jihadi ƙarƙashin Muhammadu Bello ta ci birnin, aka kashe Sarki Yunfa. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 Gobirawa suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi, daga bisani kuma Ɗan Halima ya kafa Sabon Birni. Ashe ke nan, kufan guda ɗaya ne, amma wani nasara yake tunawa in ya gan shi, wani kuwa rushewar gidan kakanninsa. Wannan shi ne tushen saɓanin.

Ra'ayoyin Jama'a

Kashi na farko su ne masu kishin sarautar Gobir da ɗaliban tarihi. Hujjarsu ita ce, Rumawa da dutse suka yi gini, shi ya sa kufansu ya kai shekara dubu biyu yana tsaye, mu kuwa da laka muka yi namu, kowace damina sai ta zaftare wani abu. Sukan ba da misali da Surame ta ƙasar Kabi, wadda aka sa cikin wuraren tarihi na ƙasa tun 1964.

Kashi na biyu wasu malamai ne da almajiransu. Tsoronsu shi ne kada gyaran ya zama hanyar girmama kushewu da farfaɗo da bori, alhali irin waɗannan al'adu na cikin abubuwan da Shehu ya yi wa'azi a kansu.

Kashi na uku su ne manoma. Fadamar Rima ƙasar albarka ce, kuma talaka ya san cewa in hukuma ta kewaye fili, gonarsa ce za ta fara tafiya, diyya kuwa sai ta Allah.

Kashi na huɗu su ne masu cewa ba a fafe gora ranar tafiya, a fara da tsaro tukuna. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a Isa da Sabon Birni, har a 2024 suka sace Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannunsu. Wane baƙo zai zo kallon ganuwa a inda mai gari bai tsira ba?

Kammalawa

In muka auna waɗannan ra'ayoyi za mu ga cewa kowanne da ƙamshin gaskiya a cikinsa, saboda haka aikin ba na magina ba ne su kaɗai. Abin da ba ya jiran kuɗi ko kwanciyar hankali shi ne ɗaukar labaran tsofaffi da kirarin sarakuna, a adana a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu da ke Sakkwato, domin tsoho in ya faɗi ba a sake gina shi. In kuwa lokacin gini ya zo, wajibi ne Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta zauna da sarakuna da malamai da masu gonaki, a kuma shirya gidan yadda zai ba da labarin Yunfa da na Bello baki ɗaya. Gidan da ya ɗauki ɓangare guda, rabin jama'a ne kawai za su tsare shi. Allah Ya ba mu zaman lafiya, amin.