Dawaki ruwa-biyu: tsayi daga uba, juriya daga uwa

Da la'asar sakaliya, idan rana ta yi sanyi a Maraɗi ko Damagaram, samari kan fito kilisa a bayan gari. Mai ido yana iya rarrabe dawakin tun daga nesa. Akwai ɗan gida, gajere mai tauri, wanda ba kasafai yake wuce mita ɗaya da rabi a doro ba. Akwai kuma dogo mai siraran ƙafafu da dogon taku. Wannan na biyun galibi ruwa-biyu ne: uwarsa goɗiyar gida, ubansa ingarman da ya fito daga Sudan ta hanyar Chadi, ko mai jinin dawakin tsere na Ingila.

Shi ne dokin da matasa ke so yanzu, don sukuwa da hawan sallah da hawan angwanci. 'Yan ci-rani ma kan aiko da kuɗi daga Libiya, Aljeriya ko Abijan a saya musu goɗiya a ɗaure a gida a matsayin jari. Amma jarin yana da sharuɗɗa, kuma wanda bai san su ba yakan yi asara.

Lissafin farko mai sauƙi ne. Idan aka kai goɗiyar gida baye wurin baƙon ingarma, ɗan da za ta haifa rabin jininsa na gida ne, rabi na waje. Daga uba yakan ɗauko tsayi da gudu, domin dokin tseren Ingila yana kai mita 1.60. Daga uwa yakan gaji ƙwarin kofato, jure zafin bazara da iya rayuwa a kan harawa da dusa. Irin wannan dokin yana fita filin sukuwa, gobe kuma a ɗaura masa sirdi a tafi kasuwar ƙauye ko gona mai nisa.

Matsalar tana farawa ne daga zuri'a ta biyu. Idan aka mayar da 'yar ruwa-biyun ga wani baƙon ingarma, jinin waje ya zama kashi 75 cikin 100, a ta uku kuma ya haura 87. Gudu yana ƙaruwa, juriya tana raguwa. Dokin yana bukatar ƙarin hatsi, inuwa, da ruwan da kan wuce lita 40 a rana lokacin zafi. A shekarar da gero ya yi tsada, mai barga yana rabon hatsi ne tsakanin turke da tukunyar gidansa.

Sai kuma cuta. Ciwon dawaki na Afirka, wanda wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba ke yaɗawa da damina, yana iya kashe tara cikin goma na dawakin da ba su saba da shi ba. Kaska ma tana ɗauke da cutar da ke lalata jini. Masu kiwo ba su manta da murar da ta ratsa Nijar a 2019 ba, wadda ta kashe jakai da dawaki masu yawa. Shi ya sa likitocin dabbobi ke jan hankali kan rigakafi, maganin tsutsa, da killace sabon doki kafin a haɗa shi da na barga.

Harkar kuma tana son haƙuri. Goɗiya tana ɗaukar ciki wata 11, ta haifi ɗa guda. Ana yaye dukushi yana kamar wata shida, kuma ba a ɗora masa nauyin mahayi sai ya doshi shekara uku. Wanda ya yi gaggawar hawa, ya lalata ƙafar dokin da kansa. Tsakanin ranar baye da ranar da doki zai fara mayar da kuɗi, kusan shekara huɗu ke nan ana ciyarwa.

Babban giɓin shi ne rashin rubutu. A Ingila, tun 1791 ake rubuta asalin dawakin tsere a littafi guda. A kasuwanninmu kuwa, asalin doki yana bakin dillali ne. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, to amma sai an tabbatar barewar ce ta haife shi. Mai saye daga nesa ya kamata ya sa a ga uwar da uban ido da ido, a duba haƙora don sanin shekaru, a zagaya da dokin a ga takunsa.

Akwai wata asarar da ba a gani da wuri. Ruwa-biyu mai kyau ba ya samuwa sai da goɗiyar gida tsantsa. Idan kowa ya kai tasa ga baƙon ingarma, wata rana za a nemi uwar a rasa. Dokin Bagazam na duwatsun Abzin, wanda sarakuna suka yi alfahari da shi, yau sai an tona kafin a gan shi. Mai kiwon da ya bar goɗiya ɗaya tana haihuwa da ingarman gida, shi ne zai sami abin haɗawa nan da shekara goma.