Gidajen Bakin Tafkin Kainji da Tambayar Wa Zai Gyara

Da aka datse kogin Kwara a Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsohuwar Bussa da tsibirai da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yauri, aka tashi mutane wajen 44,000. Da fari diyyar kuɗi aka riƙa bayarwa kowa ya gina nasa, daga baya hukumar madatsar ta karɓi aikin, Baturen Ingila Robin Atkinson ya zana gidajen. Masana gine-gine sun yaba masa, kuma ya cancanta, domin bai jera wa Gungawa da Kambari ɗakuna kamar bariki ba. Ya dubi yadda suke tsara gida, ya yi ƙoƙarin bin fasalinsa, sai dai bangon na bulo ne, rufin kuwa lanƙwasasshen kwanon siminti mai haɗe da asbestos. A nan matsalar take. Ɗakin ƙasa idan damina ta zaizaye shi, maigida da 'ya'yansa za su kwaɓa ƙasa su yi yaɓe, su yanko ciyawa su sake jinka kafin ruwa ya sauko. Kwanon asbestos kuwa in ya tsage, babu maginin ƙauye da ya san maganinsa, kuma ba a sayar da irinsa a kasuwar kusa. Shi ya sa mutane da dama suka tayar da ɗakunan ƙasa da rumbuna a gefen gidajen gwamnati.

Wani zai ce lokaci ne ya ƙure, ruwa na tafe, kuma ga shi wasu gidajen suna tsaye bayan shekara hamsin da ɗoriya. Gaskiya ne, amma tsayuwar bango ba ita kaɗai ce ma'aunin gida ba. Gidan manomin albasa ko masunci yana girma da iyali: ɗa ya yi aure a ƙara ɗaki, amfanin gona ya yi albarka a ƙara rumbu. Ginin da bai karɓar ƙari ya gaza ko da bai faɗi ba. Balle yanzu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa ƙurar asbestos na haddasa cutar daji, tsohon rufin da ke farfashewa ya zama abin tsoro.

Akwai kuma masu ɗora laifin a kan dokar mallakar ƙirƙira, suna cewa Turawa sun kulle fasaha da takarda. Tarihi bai goyi bayansu a nan ba. Ludwig Hatschek, mutumin Austiriya, ya ƙirƙiro simintin asbestos tun wajen 1900, haƙƙinsa ya ƙare tun kafin a yi maganar Kainji. Dokar Najeriya ta 1970 ma shekara 20 kawai take kare mai ƙirƙira, daga nan kowa na iya ɗauka. Abin da ya hana mutanen bakin tafki mallakar fasahar rashin koyarwa ne da rashin kayan gyara.

Abin damuwa shi ne ana maimaita wannan da fitilun sola. Farantin da ke mayar da hasken rana lantarki, wanda ake yi da sinadarin silikon, an fito da shi a Amurka tun 1954, kuma yakan kai shekara ashirin yana aiki. Batiri da na'urar daidaita caji su ne ke mutuwa da wuri, sai a bar sanda tsaye a bakin hanya babu haske, a yankin da ya ba da ƙasarsa don injinan megawat 760. Ya kamata hukumar HYPPADEC, wadda aka kafa domin irin waɗannan al'ummomi, ta sa sharaɗi a kowace kwangilar gida ko sola a Yauri da Ngaski da Shanga: a horar da samarin garin, a tabbatar akwai kayan gyara a Yelwa da Wara, kuma a zauna da magina na gargajiya tun kafin a ja layin farko a takarda.