Yadda Ake Ƙirga Ruwan Taurari a Sararin Fezzan

Hasken da ke tsaga sama da dare ya ɓace cikin ƙiftawar ido, wanda ake cewa tauraro ya faɗi, a mahangar masana sararin samaniya ba tauraro ba ne. Ɗan tsakuwa ne, sau da yawa bai wuce ƙwayar yashi ba, da ya shigo iskar da ke lulluɓe da duniya a guje, ya ƙone a tsayin kilomita 80 zuwa 120. Malaman addini suna kiransa shihabu, kuma an ambace shi a surorin Jinni da Saffati. A kowane dare mai duhu ana iya ganin biyar zuwa goma cikin awa ɗaya. Amma akwai darare sanannu a shekara da adadin kan ninka sau goma, su ne ake kira ruwan taurari.

Sanadinsa tauraro mai wutsiya ne. Yayin da yake zagaya rana yana zubar da ƙura da tsakuwa a bayansa, kamar buhun gero mai huji a kan jaki. Duniya kuma tana ratsa wannan turba a rana guda kowace shekara, shi ya sa ake sanin lokacin tun kafin ya zo. Ruwan Fasid na 12 zuwa 13 ga Agusta ya fito daga Swift-Tuttle, mai zagaye ɗaya a shekara 133. Na Liyonid, wajen 17 ga Nuwamba, daga Tempel-Tuttle ne, kuma shi ya fi gudu, kilomita 71 a daƙiƙa. Na Jeminid, 13 zuwa 14 ga Disamba, ya saɓa wa sauran, domin uwarsa wani dutse ne mai suna Phaethon da aka gano a 1983. Gudunsa kilomita 35 ne a daƙiƙa, saboda haka ido na iya binsa a natse.

Liyonid kan yi ambaliya kusan duk shekara 33. Marubutan tarihi na Larabawa sun kira 902 Shekarar Taurari, domin an ga irin wannan zuba a watan Oktoban da Ibrahim na biyu, sarkin Aglabawa masu mulkin Tunisiya da Tarabulus, ya rasu. Bayan ambaliyar 1833 a Amurka, Denison Olmsted na jami'ar Yale ya tattara bayanan mutanen da suka gani, ya nuna cewa duka hasken daga wuri ɗaya a sama yake ɓullowa, wurin da ake kira mafita. Daga shaidar talakawa wannan ilimi ya soma.

Ghuddwa, ƙaramin gari a Fezzan ta ƙasar Libiya, kudu da Sabha kan hanyar da ke gangarawa yankin Murzuk, yana da abin da mai ƙirga ke nema. Ruwan sama da ƙyar yake sauka a Fezzan, gajimare kaɗan ne, kuma ɗan nisa da fitilun gari ya isa a sami duhu sosai. A Kano ko Maraɗi, ruwan taurarin Agusta yana zuwa ne tsakiyar marka, na Disamba kuma hazon hunturu kan dushe shi. Ga wata fa'ida kuma: Ghuddwa yana wajen digiri 26 arewa da layin da ya raba duniya biyu, saboda haka mafitar Jeminid, kusa da tauraron Kasto a rukunin Tagwaye, tana kaiwa kusan tsakar ka da misalin ƙarfe biyu zuwa uku na dare. Sanyi ne kawai cikas, don a daren Disamba yakan sauka kusa da sifili. Bargo da shayi suna cikin kayan aiki.

Ba a buƙatar madubin hangen nesa. Hasali ma yana taƙaita fagen gani. Mai ƙirga yakan kishingiɗa a tabarma, ya ba idonsa minti 20 zuwa 30 ya saba da duhu, ya nisanci hasken waya, in ya zama dole ya yi amfani da tocila mai jan haske. Yana duban sama a gefen mafitar, ba tsakiyarta ba, domin a gefe ne layukan suka fi tsawo. Bayan tsakar dare aka fi samu, lokacin da ɓangaren da mutum yake ya juyo yana fuskantar inda duniya ta dosa.

Ƙirgar kanta tana da ƙa'ida, kuma a nan ne kallo ke zama ilimi. Ana rubuta lokacin farawa da na tsayawa, a cire mintunan da aka kau da ido. Duk hasken da aka gani sai a mayar da layinsa baya a zuci: in ya koma ga mafitar, na ruwan ne, in bai koma ba, baƙo ne, shafinsa daban. Ana kimanta ƙarfin haskensa da taurarin da ke kusa, a kuma rubuta tauraro mafi dushewa da ido ke iya kamawa a daren. Ko mutum goma ne a wuri ɗaya, kowa nasa yake ƙirgawa. Haɗa lissafi yana ɓata shi, haka ma rubuta wanda aboki ya gani ya yi ihu. Awar da ba a ga komai ba ita ma rahoto ce.

Adadin da jaridu ke bugawa, 100 ga Fasid ko 120 zuwa 150 ga Jeminid, lissafi ne na abin da mutum ɗaya zai gani in sama ta yi fes kuma mafitar tana tsakar ka. In mafitar ta sauko zuwa digiri 30 daga ƙasa, rabi ya tafi. Farin wata ya fi haka ɓarna, don haka kalandar Musulunci ke da amfani a nan: a 2023 Jeminid ya dace da tsayuwar sabon wata, aka sha kallo, a 2024 kuwa ya faɗo daf da cikar wata.

Ƙungiyar IMO ta masu nazarin ruwan taurari a duniya, wadda aka kafa a 1988, ita ke tattara rahotannin masu ƙirga, da agogon duniya na bai ɗaya, wanda Libiya ke gabansa da awa biyu, Nijeriya da Nijar da awa ɗaya. Akasarin rahotannin daga Turai da Amurka da Asiya suke zuwa, na Afirka ba su taka kara sun karya ba, alhali daren da gajimare ya rufe Turai Sahara a buɗe take.

Ƙurar ruwan taurari ba ta isowa ƙasa da girman da za a tsinta. Duwatsun da ake tsinta a hamadar Libiya, irin na Dar al Gani da Hamada al Hamra, daga wasu manyan gutsattsari suke, kamar dai dutse mai kilo 18 da ya faɗo Zagami a lardin Katsina a Oktoban 1962, wanda bincike ya tabbatar daga duniyar Mas ya fito.