Mi ya sa bidiyon salula ke fitowa kwance?

Ƴan uwa manoma da makiyaya, yau salula mai kamara ta shiga ƙauyukanmu. Idan tsutsa ta faɗa ma gona, ko saniya ta kama ɗingishi, mutum na iya ɗaukar bidiyo shi aika ma malamin gona ko likitan dabbobi ta WhatsApp. Gani ya kori ji. Amma sau da yawa bidiyon na isa kwance, ko kuma kai ƙasa ƙafafu sama. Malami shi yi ta karkata wuya, bai gane ciwon ba, sai shi ce a sake ɗauka. An ɓata kiredi, an ɓata kwana guda, tsutsa kuwa ba ta jira.

Wanga abu ba lalacewar waya ba ne. Shina da dalili, kuma shina da magani.

Yadda waya ke sanin sama da ƙasa

Idon kamara kafe shike cikin jikin waya. Ba shi juyawa. To ƙaƙa waya ke gane yadda aka riƙe ta?

Cikinta akwai wata ƴar na'ura wadda ba ta kai ƙwarar shinkafa girma ba. Aikinta jin inda ƙasa ke jan nauyi. Ku dubi ruwa cikin ƙwarya: duk gefen da kuka karkata ƙwaryar, can ruwan za shi taru. Haka na'urar ke gaya ma waya gefen da ke ƙasa.

Sa'ad da kuka taɓa jan maɓallin ɗauka, waya na tambayar na'urar sau ɗaya. Daga nan sai ta rubuta ƴar shaida cikin bidiyon. Shaidar lamba ce cikin huɗu: 0, 90, 180 ko 270. Lamba 0 na nufin a bar hoto yadda shike. Lamba 90 rubu'in juyi ce, 180 rabin juyi, 270 kuwa rubu'i uku. Wayar da ta karɓi bidiyon tana karanta shaidar, sa'annan ta miƙe hoton kafin ta gwada shi.

Kamar kwali ne da aka rubuta ma "nan ne sama". Ɗan dakon da ya iya karatu za shi aje shi daidai. Wanda bai iya ba, shina iya kife shi.

Dalilai uku na kwanciyar bidiyo

Na fari: juya waya bayan an fara ɗauka. Mutum shi taɓa maɓalli waya na tsaye, sa'annan shi kwantar da ita don garke duka shi shiga. Shaidar an riga an rubuta ta, ba ta sakewa. Duk abin da aka ɗauka bayan juyin za shi fito kwance.

Na biyu: fara ɗauka waya na kallon ƙasa. Wanga shi ya fi samun manoma, don ganye da tsutsa da takarda duk ƙasa suke. Idan ƙwarya na zaune daidai, ruwa na tsakiyar gindinta, bai nuna kowane gefe ba. Haka na'urar ke rasa gane gefen da ke sama, sai waya ta riƙe tsohon matsayin da ta sani.

Na uku: mai karanta shaidar ko mai rubuta ta. Wasu akwatunan talabijin da rediyo masu hoto, waɗanda ake sa ma katin memwar, ba su karanta shaidar. Bidiyon da ke daidai cikin waya sai shi fito kwance cikinsu. Wani lokaci kuma laifin manhaja ne, wadda wasu ke ce ma aplikasiyo. Idan wanda ya ƙera ta bai koya mata rubuta lambar daidai ba, kome kyawon riƙonku bidiyon ba shi miƙewa.

Rigakafi ya fi magani

1. Ku yanke shawara tun farko: tsaye ko kwance. Gona, garke, rijiya da taron jama'a sun fi kyau waya na kwance, don fuskar talabijin faɗinta ya fi tsawonta. Mutum ɗaya mai magana, ko karan hatsi ɗaya, tsaye ya isa.

2. Ku buɗe kamara, ku riƙe waya gaban fuskarku kamar madubi. Ku dubi ƴan alamomin da ke gilashi. Idan sun juya sun miƙe, waya ta gane riƙonku.

3. Sai ku taɓa jan maɓalli. Bayan kun taɓa, kuna iya sunkuyar da waya sannu sannu zuwa ga ganye ko ƙafar bisa.

4. Kada ku juya waya tsakiyar ɗauka. In kuna son sake riƙo, ku tsayar, ku fara sabon bidiyo.

5. Ku yi aiki da kamarar da waya ta zo da ita. In wata manhaja ce ke kwantar muku da bidiyo kullum, ku ɗauka da kamarar waya, sa'annan ku aika.

6. Ku kalli bidiyon kafin ku aika, kuma kafin ku bar gona.

In bidiyo ya riga ya kwanta

Kada ku shafe shi. Ana miƙe shi. Cikin wayoyin Android, ku buɗe shi cikin Google Photos ko wurin ajiyar hotuna, ku taɓa alamar gyara. Ku nemi alamar murabba'i mai kibiya lanƙwashe. Kowane taɓi rubu'in juyi ne. Mai kai ƙasa, taɓi biyu shike so. In ya miƙe, ku aje shi. Wayoyin iPhone ma suna yin wanga aiki tun shekarar 2019. In ya gagare ku, ku tambayi malamin ajinku, ko yaran da ke cajin waya a kasuwa. Tambaya ba kunya ba ce.

Amma ku sani: bidiyon da aka juya ma waya tsakiyar ɗauka, in kun miƙe rabi, ɗaya rabin za shi kwanta. Sai an yanka shi biyu, ko a sake ɗauka.

Wani abu kuma: kamarar gaba, wadda ke kallon fuskarku, tana gwada hoto kamar madubi, kuma wasu wayoyi haka suke aje shi. Rubutu sai shi fito a juye, ba shi karantuwa. Saboda haka, in za ku gwada ma malami sunan maganin ƙwari da ke jikin kwalba, ku ɗauka da kamarar baya.

Ƴan uwa, ku gwada wanga aiki cikin aji. Mutum ɗaya shi ɗauki allo waya na tsaye, wani shi ɗauka tana kwance, na uku shi juya ta tsakiyar ɗauka. Ku kalla tare, ku ga bambanci. Wanda ya gane kuma shi koya ma maƙwabcinsa tun damana ba ta faɗi ba.