Rage Ƙiba Ba Sai Da Yunwa Ba

Yau filin namu zai leƙa ƙasar Yauri, watau daga Yelwa zuwa Shanga, Ngaski da Wara, da sauran garuruwan bakin tafkin Kainji, a kan wata magana da ke damun mata da yawa amma kunya ta hana su faɗi, watau ƙiba.

A wajenmu in amarya ta yi shekara ta murje, sai ka ji ana cewa maigida ya iya kiwo. Har akwai masu sayen ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe don su ciko. To, jiki madaidaici abin so ne, amma ƙibar da ta wuce kima kaya ce. Ita ke share wa hawan jini da ciwon sukari hanya, ta kuma kashe gwiwa tun mace ba ta tsufa ba. Binciken lafiyar jama'a da aka yi a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 28 cikin 100 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce yadda ya kamata.

Me ya kawo haka? Iyayenmu, tun kafin a gama madatsar Kainji a 1968 har bayanta, su ke daka, su yi niƙa a dutse, su ɗebo ruwa a kogi, su tafi kasuwa da ƙafa. Yau injin niƙa ya karɓi wannan, kabu-kabu ya karɓi wancan. Madalla da sauƙi, amma malmalar tuwo ba ta ragu ba, ga lemon kwalba da taliya sun ƙaru. Abin da jiki ya ci bai ƙone ba kuwa, ajiye shi ya ke yi ya zama kitse.

Da farko ki san matsayinki. Ki je asibiti ko ɗakin shan magani a auna nauyinki da tsawonki, a duba jininki. Lissafin ba wuya: a ninka tsawo da kansa, a raba nauyi da abin da aka samu. In amsar ta kai 25 nauyi ya fara yawa, in ta kai 30 ƙiba ce sosai. Misali, mace mai tsawon mita 1.6, in ta kai kilo 64 ta taka iyaka, in ta kai 77 ta shiga ƙiba. Ko kuwa ki ari awon tela ki zagaya cikinki wajen cibiya. In ya wuce santimita 80 ki farga, in ya wuce 88 ki tashi tsaye.

Kada ki ce sai kin koma kamar ranar da aka kai ki ɗaki. Mai kilo 80 in ta zubar da huɗu zuwa takwas, jikinta zai shaida. A Amurka an yi wani babban gwaji wanda aka bayyana sakamakonsa a 2002, a kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su gyara abinci, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya isa. Sannu ba ta hana zuwa.

Batun abinci kuwa, Allah Ya hore mana abin da wasu ke nema da kuɗi mai yawa. Ga karfasa, ga tarwaɗa, ga giwan ruwa da kurungu. Kifi yana riƙe ciki, yana gina jiki. Inda mu ke ɓata shi wajen suya ne, don cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja ya ninka cokalin sukari wajen sa ƙiba. Ki gasa kifinki, ko ki yi farfesu, ko ki sa banda a miya. Man miya kuma ki riƙa auna shi da cokali, kada ki tuttula daga kwalba.

In za ki zuba abinci, raba kwanon gida huɗu. Biyu na ganye ne, kamar zogale, rama, alayyafo, yakuwa, kuɓewa, tare da albasar nan tamu da Yauri ta yi suna da ita. Ɗaya na kifi ko wake ko ƙwai. Ɗayan da ya rage shi ne na tuwon shinkafa ko na dawa, malmala kamar dunƙulen hannunki. Ba a ce ki bar tuwo ba, a'a, miya ce za ta yi yawa, tuwo ya ragu. In da hali ki zuba naki daban, don mai ci a babban kwano da jama'a ba ta sanin iyakar abin da ta ci.

Sai abin sha. Kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari wajen ƙaramin cokali tara, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babban mutum ya wuce kamar cokali 12 a yini, in ya tsaya a shida ma ya fi. Fura da nono abinci ne sosai, saboda haka in kin sha da rana ta zama ita ce abincin ranar, kuma a rage mata sukari. Haka kunu da zoɓo da shayi. Gishiri kuma kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a yini, har da wanda ke cikin dunƙule. Daddawa da albasa da citta sun isa su ba miya daɗi.

Motsa jiki fa? Hukumar nan ta ce minti 150 a mako shi ne mafi ƙanƙanta, watau rabin awa sau biyar. Mai farawa ta soma da minti goma da sassafe kafin rana ta yi zafi, ta riƙa ƙara minti biyar kowane mako. Tafiyar ta zama da sauri, yadda za ki iya magana amma numfashi ya ɗan hau. Wadda ba ta fita, tsakar gida ta ishe ta. Ki zagaya ta bayan sallar asuba, ki koma ga turmi wani lokaci, ki yi shara da wanki da hanzari. Sau biyu a mako ki zauna a kujera ki miƙe sau goma, ki huta, ki sake, sa'an nan ki dafa bango da hannu biyu kina turawa. In kin sami abokiyar zama ko maƙwabciya ku yi tare, ya fi ɗorewa. Amma kada a ce za a shiga tafki iyo don motsa jiki, saboda tsargiya. Duk wadda ta ji ciwon ƙirji ko jiri, ta dakata ta ga likita.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, mu malamai mun san yarinyar da ta zo aji ba ta karya kumallo ba, don kafin tara ta fara gyangyaɗi. Jikinku yana girma, yana bukatar abinci, musamman da ya ke kuna zubar da jini kowane wata. Ku rage alewa da biskit da lemo, ku yi wasa da guje-guje na awa guda kullum, amma kada ku zauna da yunwa don wata ta yi muku ba'a. Mai ciki da mai goyo su ma ba lokacin rage nauyi ba ne sai da shawarar ma'aikatan asibiti. Mai shan maganin sukari ko hawan jini ta sanar da likitanta kafin ta canja abinci.

A ƙarshe, ku yi hattara da shayin rage ƙiba da ake talla. Da yawansu zawo da fitsari su ke sawa, ruwan jiki ya tafi, kitse yana nan daram. Uwargida, ki fahimtar da maigida cewa ba raina cefanensa kika yi ba, lafiya ki ke nema, shi ma ya amfana da miyar. Ki fara da abu biyu kawai a wannan mako: cokalin auna mai, da tafiyar minti goma. Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin. Sai mako mai zuwa.